Babi na Ɗaya, Zuwa ga Habsu

Habsu, shafi sha tara kika bar mini
A ledar farmasi, ba ko tsayawa.
Kin tura su ƙasan ƙyaure kin ruga,
Sai ƙarar takalminki na ji tana dusashewa.
Na ce in leƙa layi biyu in kwanta,
Ƙarfe ɗaya ta same ni ina karantawa.
Wuta ta ɗauke, na lalubo tocila,
Shayina ya huce, ƙuda ya samu wurin nutsewa.

Shekara talatin na yi da biro a hannu
Ina magatakarda a kotun Tawa.
Na san muryar mai ƙarya tun daga sallama,
Na san shirun da ke zuwa gabanin tonuwa.
Duk da haka layinki na farko ya riƙe ni:
"Ran da aka kashe Ɗan Jimma albasa ta soma ruɓewa."
Ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi,
Ba haɗiyewa, ba tofarwa.

Sito a kulle ta ciki, maigadi kwance,
Takalmansa a waje, ba alamar ɓallewa.
Amma kin sa sun ba ƙofa baya,
Mai shiga ɗaki ba haka yake tuɓewa.
Kofi biyu, mutum ɗaya a ɗakin,
Na biyun ba sukari, kin faɗa kina wucewa.
Wa ke shan shayi haka a kasuwar nan?
Na kwana ina ƙirga masu ciwon suga a unguwa.

To, ga ɗacin, ke kin san magani.
Alhaji Nomau kin yi saurin nunawa.
Shafi na huɗu gumi, na biyar rawar hannu,
Na shida tuntuɓe babu abin tuntuɓewa.
In shi ne, kin sayar da shi da araha,
In ba shi ba ne, gishirin ya hana lasawa.
Masu laifin gaske na gansu da yawa,
Su ke riga kowa zuwa gaisuwar mutuwa.

Komisa Tankari kuwa, Allah sarki,
Ko ruwa zai roƙa, sai ka ce sanarwa.
Ba shi haƙori mai ciwo, ba shi bashin butik,
Ba shi babur da sai an tura yake tasowa.

Kin ce da asuba aka tsinci gawar,
Sai ga inuwar bedi ta azahar tana taƙurewa.
"Ba zato ba tsammani" sau bakwai na ƙirga,
Tun na uku nake zaune ina jiran isowa.
Mutum goma sha ɗaya a babi guda,
Sallami huɗu, ba wanda zai yi kewa.
Amma akuyar da ta cinye rabin rasit,
Wanda ya taɓa ta, da ni zai yi karawa.

Za ki ga jan biro ko'ina, kar ki firgita,
Ba jini ba ne, ba kuma tsawa.
Gonar da ba ta tsiro ba wa ke noma ta?
Taki ta tsiro, shi ya sa nake sunkuyawa.

Na rubuta sunan wanda nake zargi,
Na liƙe, na ba Tsahara tana ɓoyewa.
Gobe in na zo sayen maganin hawan jini,
In na ambaci wani, kar ki yi murmusawa.
Miƙo mini ƙwayar, ƙirga mini canjin,
Ki bar ni da zargina ina taunawa.
Lahadi, in kasuwa ta watse,
Babi na biyu nake so, ba neman gafartawa.
Na riga na sayi sabon batir,
Ko da wutar ta sake ɗaukewa.